Ranar da Aka Yi wa Orville Wankan Koci

Duk wanda ya san Port Ansley ya san Masunta, ƙungiyarmu ta ƙwallon zari-ruga, kuma duk wanda ya san Masunta ya san baƙin ciki. A kakar wasan da nake ba ku labari wasa goma sha bakwai muka buga, aka lallasa mu a goma sha huɗu. Washegarin wasan ƙarshe, tun ba a gama share dusar ƙanƙara daga kujerun fili ba, Madam Halvorsen mai ƙungiyar ta sallami koci, ta ce an shiga neman sabo.

Ni sunana Leon Wozniak. Ba ni da wani laifi a duniyar nan da ya wuce cewa ƙanwata ɗaya ce, Marlene, kuma ina ji ina gani ta auri Orville Pruitt.

Shekara ashirin da shida Orville ya yi yana tuƙa motar share dusar ƙanƙara kafin ya yi ritaya. Ƙwallo kuwa rabonsa da ita tun yana sakandare, can ɗin ma benci ya yi ta ɗumamawa. Amma in ka ji shi da safe a shagon kofin Dolores sai ka rantse shi ya ƙago wasan. Kullum ƙarfe bakwai da rabi sai ya buga wa shirin wasanni na rediyon gari waya, har Stan mai gabatar da shirin ya daina tambayar wa ke kan layi.

Wata Talata muna zaune a shagon, rediyo na kan kanta, Orville ya gyara gashin bakinsa ya kara waya a kunne.

"Stan, ka gaya wa Madam ta daina ƙona man jirgi. Kocin da take nema yana nan zaune yana shan kofi."

"Wane ne shi, Orville?"

"Kai ma ka sani. Shekara talatin ina gaya wa kociyoyin Masunta abin da za su yi daga kujera ta goma sha biyu. Wanda ya ji maganata a cikinsu guda nawa ne? Babu. Wanda aka kora guda nawa ne? Dukkansu. To ka yi lissafi."

Kujera biyu tsakaninsa da Augie Lindqvist, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda suka shekara talatin suna musu. Maimakon Augie ya juyo ya yi masa magana, sai shi ma ya zaro wayarsa ya buga wa rediyon. Muna kallon bakinsa a nan, muna jin muryarsa a can kan kanta.

"Stan, Augie ne. Wannan mutumin ko karensa ba ya zama in ya ce ya zauna."

"Kurma ne karen!" in ji Orville.

"Da ka sayo shi lafiyarsa ƙalau. Surutunka ya guje wa."

Shago ya kwashe da dariya. Fuskar Orville ta yi jawur, ya miƙe tsaye, ya matso da waya bakinsa. "To gari ya shaida. In Madam ta naɗa wani koci ba ni ba, na bar wa Augie turke na tara. In kuwa ni ta naɗa, Augie zai wanke min mota duk Asabar har ƙarshen shekara."

"Na karɓa!" in ji Augie, har yana ƙwarewa da kofi.

Dariyar ta ɗauke ɗif. Dolores ta ajiye butar kofi ta dube ni.

Dalilin shirun nan shi ne, a filin ajiye motoci na gefen filin wasa akwai turakun fitila arba'in da ɗaya. Ranar wasa, awa huɗu kafin a take wasa, kowane gida yakan kafa murhun gashinsa a gindin turken da ya saba. Babu takarda, babu hatimi. Kowa dai ya san wurin kowa, kuma in mutumin gida ya furta a bainar jama'a cewa ya bar wuri, to maganar ta hau kan gidan duka. Turke na tara yana kusurwar bango, inda iskar tafki ba ta kaiwa. Mahaifinmu Casimir ya fara gasa naman sosej a gindinsa tun ina ɗan shekara huɗu. Da zai rasu ya miƙa wa Marlene dogon awartakinsa na juya nama, ta ci gaba. Aikin Orville a wurin, shekara talatin da ɗaya, shi ne ya buɗe kujerarsa mai naɗewa ya zauna yana ce wa Marlene ta juya. Shi kuwa Augie a turke na arba'in da ɗaya yake, can bakin tafki kusa da kwandunan shara, inda iska ke kashe gawayi sau uku kafin ya kama.

Marlene a kicin ta ji shirin. Da na je gidan ban tarar da faɗa ba, kuma wannan shi ya fi tayar min da hankali. Tana zaune tana goge awartakin Baba da tsumma.

"Yaya Leon," ta ce, "ka san a gindin turken nan Baba ya koya min hura gawayi?"

"Na sani."

"To shi ke nan." Ta ci gaba da gugarta.

Orville ya leƙo daga falo. "Dalla ki kwantar da hankalinki, Marlene. Matar koci ba a waje take zama ba, a ɗakin gilashi na sama take kallo."

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Laraba ya fara da littafin dabaru. Ashe duk shekarun nan zanen da yake yi a kan tishun shagon Dolores yana tarawa a kwalin takalmi. Ya zo da kwalin ya baje su a kan tebur uku, da'irori da kibau birjik, ya hana kowa numfashi kusa da su. Wata dabarar ya sa mata suna Guguwar Tafki, ya ce rabin ƙarni ba a ga irinta ba. Na ƙirga 'yan wasan da ke cikin zanen.

"Orville, goma sha uku ne a nan. Goma sha ɗaya ake shiga da su."

"Shi ya sa ba wanda zai zata."

Yana cikin bayani gwiwar hannunsa ta ture kofi. Dolores, wadda hannunta ya riga tunaninta aiki, ta damƙi tishun da ya fi kusa ta goge. Guguwar Tafki ce. Ragowar ya kai ofishin ƙungiya da kansa, mai gadi ya karɓa ya yi godiya ƙwarai, ya ce dama mura yake fama da ita.

Alhamis ya ce koci sai da atisaye. Ya tara mu, ni da tsofaffi biyar daga shagon, a filin ajiye motoci, cikin sanyin da ke sa haƙori ciwo. Ya sayo usur na ƙarfe, ya ce na roba na malaman firamare ne. Ya jera mu, ya lashi leɓe, ya sa usur a baki ya busa. Da ya zo cirewa usur ya ce bai san zancen ba. Ya manne da leɓensa na ƙasa ram. Duk maganar da ya so yi sai ta fito fiit, fiit. Mu kuwa da yake ya ce in mun ji usur mu ruga, muka yi ta kai da komo har tsoho Vern ya zauna a ƙasa ya ce a kira 'yarsa. Sai da na kwara masa kofi mai ɗumi a baki sannan usur ya sake shi, tare da 'yar fata.

"Ka ga yadda suka bi umarni?" ya ce min a mota, leɓe a kumbure. "Ko magana ban yi ba."

To akwai wata sana'a da duk ɗan Port Ansley yake koya lokacin neman koci, wato bin diddigin jirgin Madam a waya. Ranar Asabar gari ya ɗauka cewa jirgin ya sauka a Louisiana, inda wani mataimakin koci mai suna Wendell Batiste yake, kuma zai dawo Lahadi da tsakar rana. Da sassafen Lahadi Orville ya buga min ƙofa, sanye da rigar sanyin Masunta da hularta, da allon rubutu a hammata.

"Motata ta ƙi tashi. Kawo makullin taka, za mu je in ga abokin takarata."

Motata tsohuwar a-kori-kura ce. Ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta. Na bi shi ne don kada in ji labarin motata a rediyo.

Dusar ƙanƙara ta tare hanyar cikin gari, direban da ƙungiya ta aiko bai iso ƙaramin filin jirgin ba. Mu da muka biyo ta bayan gari muka riga shi. Jirgi ya sauka, wani dogon mutum mai baƙar kwat da takalmin ofis ya fito yana rarraba ido. Ya ga rigar Masunta, ya ga allon rubutu, ya nufo Orville ya miƙa masa jaka.

"Kai ne direban ƙungiya? Wendell Batiste."

Na buɗe baki, Orville ya take min ƙafa. "Ni ne, yallaɓai. Madam ta ce a zaga da kai gari tukuna." Da yake jefa jakar a baya ya raɗa min: "Ɗan ƙasar zafi ne. Kafin la'asar zai roƙi a mayar da shi gida."

Muka matsu mu uku a gaba, na ɗaure ƙofa da igiya. Batiste ya dubi igiyar, ya dube ni. Orville ya kashe na'urar ɗumama mota ya sauke gilashi har ƙasa.

"Haka muke yawo a nan, yallaɓai. Wannan ma bazara ce."

Batiste ya zuƙi iska ya lumshe ido. "Malam, wata goma sha ɗaya nake gumi a shekara. Sauke ɗayan ma."

Na sauke. Kunnuwan Orville suka fara yin shuɗi.

Ya kai mu ƙofar gidan kocin da aka kora. Kamar yadda aka saba, mutanen gari sun kafa masa allunan "Gidan Sayarwa" a farfajiya tun kaka ba ta ƙare ba, don ya gane ana so ya tattara.

"Ka gani? Haka muke yi wa koci. Kai ma naka allunan an riga an buga."

Batiste ya leƙa yana ƙirgawa. "Talatin da huɗu. Mutum talatin da huɗu suka baro ɗakinsu mai ɗumi don wannan? Inda nake, mun sha kashi sau takwas a jere, maƙwabcina ya tare ni yana tambayar wai ni wane aiki nake yi." Ya girgiza kai. "Kai, garin nan da daɗi yake."

Orville ya fizgi mota a fusace. "Ai ba ka ga titunanmu ba. Baƙo ba ya sati bai faɗa rami ba. Ni da ka gan ni, shekara ashirin da shida ina kan dusar nan, ko sau ɗaya ban taɓa..."

Bai ƙarasa ba muka nutse cikin tulin dusar ƙanƙara a ƙofar gidan wata tsohuwa, har akwatin wasiƙunta ya kwanta. Ta fito da tsintsiya. "Orville Pruitt! Shekara ashirin da shida kana tura min dusa ƙofar gida, yau kuma da kanka ka zo?"

Batiste ya kwance igiya ya fita da takalminsa na ofis. Ya dubi maƙwabtan da suka fito kallo, ya nuna wannan ya ce ya kama nan, ya nuna wancan ya ce ya zuba yashi a can, ya ce da tsohuwar ita za ta ƙirga. Da ta kai uku mota ta fito tsaf. Mutane suka yi ta tafi. Wani ya ce, "Wannan bawan Allah ya iya sa mutane aiki."

"Ni na murza sitiyari," in ji Orville.

Sauran dabara ɗaya ta rage masa. Lahadin nan ce ranar binne kakar wasa, ranar da muke taruwa a filin ajiye motoci bayan an gama shan kashi, a gasa ragowar sosej, a ƙona mutum-mutumin kocin da ya tafi. Muna isa ana cinna wa mutum-mutumin wuta, jama'a kusan ɗari biyu suna ihu cikin sanyi.

"Dubi da kyau, yallaɓai," in ji Orville. "Baɗi kai ne."

Batiste bai ma ji shi ba, hancinsa ya riga ya ja shi turke na tara. Marlene na tsaye gaban murhu, ido ya yi ja, ba kuma hayaƙi ne ya sa ba. Ta dubi baƙon daga sama har ƙasa.

"Wane marar imanin ne ya fito da kai da wannan takalmin? Matso nan bango, iska ba ta zuwa." Ta juya sosej da awartaki, ta sa a burodi, ta zuba albasa da kabeji ta miƙa masa. Ya ci ɗaya a tsaye, ya miƙo hannu, ta ƙara masa.

"Uwargida, wasa goma sha huɗu aka cinye ku. Me ya fito da ke yau?"

"Babana ya fito shekarar da aka cinye mu duka. Ni wace ce da zan zauna a gida?" Ta juya wani sosej ɗin. "Ci da kyau. Wataƙila wannan ne gashina na ƙarshe a nan."

Ya tambayi dalili. Ta nuna Orville da awartaki, ta ba shi labari cikin jimla uku. Batiste ya juya ya daɗe yana kallon direbansa.

Daidai nan rediyon wata mota ya ɗauki muryar Stan: ɗan takarar koci ya ɓace tun tsakar rana, wanda duk ya ga dogon mutum mai baƙar kwat ya taimaka ya kira ofis. Kawuna ɗari biyu suka juyo lokaci guda. Kafin minti goma baƙar mota ta iso, mutanen Madam suka fito suna haki. Batiste ya goge baki, ya yi wa Marlene godiya, ya ce da Orville, "Na ga gari. Zan yi tunani."

Motar na tashi Orville ya daki kafaɗata. "Ka ji? Zai yi tunani! Na gama da shi, Leon. Ka ga yadda yake rawar ɗari?"

"Kai ne kake rawar ɗari."

"Murna ce."

Ranar Talata sakatariyar Madam ta bugo waya gidansu. Ta ce ana gayyatar Mista Pruitt da matarsa da yayanta taron manema labarai ranar Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya, a gindin turke na tara, kuma a yi shiga mai kyau. Kafin awa ɗaya Orville ya shaida wa Stan, ya shaida wa wanzaminsa, ya shaida wa karen da ba ya ji. Ya ce da Augie ya sayi sabulu mai kyau, motarsa ba ta son mai araha.

Sannan ya ja ni gefe. "Saura wanka."

Kun dai san wankan koci. In ƙungiya ta ci babban wasa, sai 'yan wasa su lallaɓo ta bayan koci da ƙatuwar kular lemo da ƙanƙara su juye masa a ka. A Port Ansley rabon da mu ga haka shekara goma sha tara.

"Orville, sai an ci wasa ake yi."

"Wannan dokar kociyoyin da ba su yarda da kansu ba ce. Ni ranar farko za a yi min, duniya ta san an canza." Ya ce ni zan kama hannun kula ɗaya. Da aka rasa mai kama ɗayan, Augie ya ce shi zai yi, shekara talatin yana neman dalilin zuba wa Orville wani abu a ka.

Laraba da yamma ya cika kula da lemo, ya zuba ƙanƙara leda biyu, ya ɗora a bayan a-kori-kurata. Na ce a shigar da ita gida. Ya ce koci na gaske da mai sanyi ake yi masa. A waje ta kwana, cikin watan Janairu.

Alhamis filin ya cika maƙil. Ga kyamarori, ga Stan da makirufonsa, ga ɗan dandamali a gindin turke na tara. Marlene na tsaye a gefe cikin rigarta ta zuwa coci, riƙe da wani dogon abu naɗe a tsumma. Orville ya sha kwat ɗin da aka ɗaura masa aure da ita, maɓalli ɗaya ne ya yarda ya shiga, ga usur ɗin ƙarfe a wuya. Ni da Augie muka tsaya bayansa a kan benci, kula a tsakaninmu. Ya ce da zarar ya busa mu juye.

Madam Halvorsen, 'yar tsohuwa mai sanda, ta hau dandamali. Ta ce an ga 'yan takara bakwai, an sha wahala, amma an samu. "Ina farin cikin gabatar muku da sabon kocin Masunta..."

Orville bai jira suna ba. Ya taka gaba, ya ɗaga hannuwa sama, ya busa usur. Muka ɗaga kula muka kifa.

Ko ɗigo bai fito ba.

Kyamarori duka suka juyo. Madam ta tsaya da magana tana kallo ta saman tabarau.

"Ku girgiza!" in ji Orville ta gefen usur.

Muka girgiza. Muna jin lemo na kai da komo a ciki, amma bakin kular ya daskare, ƙanƙara ta rufe shi kamar marfin tukunya.

"Ragwaye! Ku riƙe da kyau." Ya shiga ƙarƙashin kular, ya ɗaga fuska sama, ya ɗauki allon rubutunsa ya soki ƙanƙarar. Sau ɗaya. Sau biyu. A na uku ta fashe.

Wallahi ban taɓa sanin kula na cin lemo haka ba. Ya sauko masa gaba ɗaya, rabi ruwa rabi ƙanƙara, ta fuska, ta wuya, ta cikin kwat har takalmi. Ya zauna daɓas. Cikin shirun da ya biyo baya Madam ta gyara makirufo ta ƙarasa maganarta.

"...Wendell Batiste."

Batiste ya fito daga baƙar mota, wannan karon da takalmin sanyi. Fili ya ɗauki sowa, amma rabin sowar dariya ce. Orville na zaune a ƙasa, gashin bakinsa ya daskare ya koma launin lemo, tururi na tashi daga kansa. Ya yunƙura zai yi magana, ashe usur ya sake kama leɓe. Fiit. Stan ya tsuguna ya miƙa masa makirufo.

"Orville, gari na saurare. Me za ka ce?"

"Fiit. Fiiit."

"Wannan ce magana mafi ma'ana da ya taɓa yi a shirinka," in ji Augie.

Ni ma dariyar nake har da hawaye, sai na ga Marlene ta tako. Ba ta dubi mijinta ba. Ta warware tsumma, ta fito da awartakin Baba, ta miƙa wa Augie da hannu biyu.

"Gidanmu ba a magana biyu," ta ce. "Ga shi. Ka riƙa shafa masa mai, ba ya son tsatsa."

Muryarta ta karye a kalmar ƙarshe. Dariyar ta mutu a fili. Ni kaina na ji haushin Orville irin wanda ban taɓa ji ba. Augie ya karɓa yana jujjuya shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Batiste ya karɓi makirufo. Ya ce tun da ya ga an ɗaure ƙofar mota da igiya ya san Orville ba direban ƙungiya ba ne, amma ya ce bari ya ga gudun ruwansa. Ya ce ƙungiyoyi biyu ke nemansa, kuma da an kai shi ofis kai tsaye da wataƙila ɗaya ƙungiyar ya zaɓa. "Wannan bawan Allah da ke zaune a ƙasa shi ya nuna min garin nan. Ita kuwa wannan baiwar Allah ta ba ni sosej biyu da amsa ɗaya, na sa hannu. Shi ya sa na ce a yi taron a nan." Ya dubi Augie. "Malam, kai ne sabon mai wurin? Ranar wasan farko zan biyo in ci. Ka iya gashi?"

Daga bayan taro wani ya ɗaga murya: "Koci, ko ruwan zafi ya dafa sai ya ƙone!"

"Bara ya ƙona kwandon shara biyu!" in ji wata.

Augie ya sosa ƙeya. Ya dubi awartaki, ya dubi Marlene, ya dubi kusurwar bangon da ya shekara talatin yana hange daga bakin tafki.

"Marlene, ni ba murhu nake so ba, iska na gaji da ita." Ya mayar mata da awartakin. "Wurin Casimir ne, ki riƙe abinki. Amma na ci caca a gaban gari, ba zan tashi a banza ba. Kujerar Orville nake so, a inda take. Shi kuma ya koma arba'in da ɗaya."

Marlene ta rungume awartaki a ƙirji. Sai a lokacin ta sauke ido ta dubi mijinta, jiƙe sharkaf, yana yi mata fiit, fiit na roƙo.

"Har yaushe?" ta tambayi Augie.

"Kaka ɗaya."

"Mai da shi biyu."

Haka kuwa aka yi. Da Satumba ta zo, Augie ya miƙe ƙafa a kujerar Orville a turke na tara, kuma bai taɓa ce wa Marlene ta juya ba. Orville yana can bakin tafki tsakanin kwandunan shara, yana tare baƙin da suka yi ɓatan hanya yana shaida musu cewa shi ya kawo kocin garin nan da motarsa. Motata ce. Duk ranar wasa Marlene kan ba ni sosej ɗaya in kai masa, kafin in isa ya huce.

A wasa na uku Masunta suka ci abokan gabarmu na tsallaken tafki, karo na farko cikin shekara goma sha tara. Ana busa tashi 'yan wasa suka lallaɓo da kula suka juye wa Batiste a ka. Fili ya ruɗe, Marlene na kuka tana dariya. Na juya na ga Orville ya harɗe hannu yana girgiza kai.

"Lafiya?" na ce.

"Dubi yadda ya noƙe wuya," in ji shi. "Bai iya karɓa ba. Da ya tambayi waɗanda suka riga shi."